Malaman tattalin arziki suna ta taro, mudu yana ta tashi: me ake yi a zauren nan?

Duk lokacin da aka rataya ƙyalle a ƙofar jami'a ana shelar cewa sashen nazarin tattalin arziki zai yi taronsa na shekara, tambaya ɗaya ce ke zagayawa a bakin masu wucewa. Ni wani mai adaidaita sahu ya jefo min ita, yana lalubo min canji: "Malam, don Allah waɗannan masu ilimin kuɗin me suke tattaunawa a ciki ne? Bara sun yi taro, bana ma ga shi za su yi, amma kullum mudu sama yake yi."

Tambayar ba ta raini ba ce. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, aka kuma saki naira a watan Yuni ta nemi darajarta a kasuwa, kowa ya zama ɗan ƙaramin masanin tattalin arziki a gidansa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wanda ke cikin wannan hali, in ya ga farfesoshi sun taru da manyan riguna da jakunkunan taro, yana da hakkin ya tambayi abin da suka tsinana. Sai dai amsar tana buƙatar a fara gane ko wane irin taro ne, domin mutane da yawa suna neman abin da ba a ajiye a wurin ba.

Taro suna ne, kowanne da aikinsa

Akwai taron ƙolin tattalin arziki da ake yi a Abuja, wanda aka fara a 1993, inda manyan 'yan kasuwa da ministoci ke zama su yi cinikin manufofi. Akwai zaman kwamitin Babban Bankin Najeriya da ke yanke kuɗin ruwa, wanda hukuncinsa ke aiki daga ranar da aka sanar. Taron sashen jami'a ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Ba ya yanke hukunci, ba ya sa hannu a kan komai, kuma babu wanda doka ta ɗora wa bin abin da aka faɗa a cikinsa.

Taron ƙara wa juna sani ne tsakanin masu bincike. Malami ko ɗalibin digiri na uku ya yi wata shida ko shekara yana aiki a kan tambaya guda, a ce ko rufe iyakokin ƙasa da aka yi a Agustan 2019 ya ƙara noman shinkafa ko farashinta kawai ya ɗaga. Ya tara alƙaluma, ya yi lissafi, ya samu amsa. Amma bai tabbatar amsar za ta tsaya da ƙafarta ba. Sai ya kai ta gaban waɗanda suka san aikin, su sussuke ta. Ainihin taron ke nan: masussuka ce, ba rumbu ba. Abin da ake kai wa wurin damin da ba a casa ba ne, tsaba da ƙaiƙayi a haɗe.

Yadda takarda ke shiga zaure

Watanni kafin ranar, sashen zai fitar da sanarwar neman takardu, da babban jigo da ƙananan jigogi. Masu sha'awa su aiko da tsakuren aikinsu, ko cikakkiyar maƙala in taron na masu tsanani ne. Kwamiti ya tace, ya karɓi wasu ya mayar da wasu. Waɗanda aka karɓa su biya kuɗin rajista. Ranar taro akwai babban baƙo mai jawabi a babban zaure, daga nan a warwatsu ƙananan ɗakuna, masu harkar noma nan, masu harkar banki can, kowane ɗaki da shugaban zama da takardu uku ko huɗu.

Mutumin da ya fi kowa muhimmanci a ɗakin ba shi ne mai gabatarwa ba. Akwai wanda ake ba takardar tun kafin taro, aikinsa ya karanta ta ciki da waje, ya tashi bayan mai ita ya gama ya faɗi inda take yoyo. Shi ake kira mai sharhi. Na taɓa zama a wani ɗaki inda wani matashin malami ya nuna da alƙaluma cewa ƙauyukan da ke da bankin ƙananan rance sun fi sauran arziki, ya kammala da cewa bankin ne ya kawo arzikin. Mai sharhinsa wata Dakta ce mai sanyin murya. Ta yaba masa wahalar shiga ƙauyuka, sannan ta ce: "Malam, tambayata ɗaya ce. In kai ne mai bankin, a wane ƙauye za ka buɗe reshe, mai kasuwa ko marar kasuwa?" Ɗakin ya yi tsit. Ai banki ba ya zuwa inda babu kuɗi. Wataƙila arzikin ne ya jawo bankin, ba bankin ya jawo arzikin ba. Aikin shekara guda ya koma baya da tambayar da ba ta kai minti ɗaya ba, ga shi kuma a gaban ɗalibansa. Amma gara a ji ta a wannan ɗaki da a ji ta bayan wata gwamnatin jiha ta zuba kuɗi a kan shawarar.

Kusan rabin gardamar da ake yi a tarukan tattalin arziki a kan wannan take: abubuwa biyu sun zo tare, to wanne ya haifi wanne, ko kuwa akwai na uku da ya haife su duka? Masanin tattalin arziki ba shi da ɗakin gwaji irin na mai haɗa magunguna. Ba zai iya cire tallafin mai a rabin Najeriya ya bar shi a rabi don ya gwada ba. Shi ya sa yake buƙatar idon abokan aiki fiye da yadda mutane ke zato.

Me ya sa sashe ke ɗaukar wa kansa wannan ɗawainiya?

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko ƙarin girma ne. Malamin jami'a ba ya hawa mataki da yawan azuzuwan da ya koyar, sai da abin da ya wallafa, kuma takardar taro tana da makinta, ko da bai kai na maƙalar mujalla ba. Na biyu suna: sashen da ke iya tara malamai daga Zariya, Ibadan, Nsukka da Maiduguri a zaure ɗaya yana nuna wa hukumar jami'a da masu tantance kwasa-kwasai cewa yana raye. Na uku ɗalibai, domin yaron da bai taɓa fita daga jiharsa ba zai ga mutumin da yake karanta littafinsa a tsaye yana amsa tambaya, wani lokaci ma yana kame-kame. Na huɗu, wanda ba a cika faɗa a jawabin maraba ba, kuɗi ne. Kuɗin rajista da gudummawar bankuna da ta babban baƙo, in an yi tattali, sukan bar wa sashe abin gyaran janareta ko sayen majigi.

A Najeriya asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a kan harajin ilimi da ake cira daga ribar kamfanoni, yana da kason ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati zuwa taruka. Wato akwai kuɗin jama'a a cikin harkar, kuma wannan kaɗai ya isa ya ba mai adaidaita sahu bakin magana.

Takardar taro ba hukuncin alƙali ba ce

A nan 'yan jarida da 'yan siyasa suka fi yin tuntuɓe. Ana gama taro sai a ga kanun labari: "Bincike ya tabbatar..." alhali abin da aka gabatar ɗanyen aiki ne.

Babban misali daga Amurka yake. A Janairun 2010, a taron shekara na ƙungiyar masana tattalin arzikin ƙasar, wasu manyan malamai biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka gabatar da takarda a kan bashin ƙasa. Suka ce idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arziki takan faɗi warwas, har matsakaicinta ya koma ƙasa da sifiri kaɗan. An buga takardar a kundin taron a watan Mayu, kundin da ba ya bin tsauraran matakan tantancewa irin na sauran fitowar mujallar ƙungiyar. Lokacin kuwa duniya na fama da raɗaɗin rikicin kuɗi na 2008. 'Yan siyasar da ke son tsuke bakin aljihu a Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai suka rungumi wannan kashi 90 kamar aya.

Sai a ƙarshen 2012 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, aka ba shi aikin aji ya zaɓi wata fitacciyar takarda ya maimaita lissafinta. Ya yi, ya sake yi, amsa ta ƙi fitowa daidai. Da shi da malamansa, Michael Ash da Robert Pollin, suka nemi ainihin shafin Excel ɗin daga masu takardar, su kuma suka aiko. Ashe wajen ɗaukar matsakaici an tsallake layuka biyar: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmark. Akwai kuma shekarun da aka bari a waje, da wata hanyar auna ƙasashe da suka ƙalubalanta. Da suka gyara duka, bunƙasar ƙasashen masu yawan bashi ta tashi daga ƙasa da sifiri zuwa kashi 2.2 cikin ɗari. Reinhart da Rogoff sun amsa kuskuren layukan, amma sun tsaya a kan cewa yawan bashi yana tafiya da raguwar bunƙasa. Abin da ya rushe shi ne ramin da aka ce ana afkawa da zarar an taka kashi 90.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai a labarin nan ba kuskuren ba ne, kowa yana yi. Shekara uku aka yi ana kafa hujja da takardar kafin wani ya buɗe shafin lissafin ya ƙirga layuka.

To ta ina abin ke isowa ga talaka?

Ta doguwar hanya, kuma ba ya zuwa da sunan taron a goshinsa. A Nuwambar 1992, a wani taro da jami'o'in Carnegie Mellon da Rochester suka daɗe suna shiryawa tare, John Taylor na Jami'ar Stanford ya gabatar da wata 'yar ƙa'ida mai layi ɗaya. Gundarinta shi ne, idan hauhawar farashi ta ƙaru da maki ɗaya, babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa da fiye da maki ɗaya, a lissafinsa ɗaya da rabi, in ba haka ba wutar ba za ta mutu ba. An buga ta a 1993, kuma yau da wuya ka shiga sashen bincike na wani babban banki ba ka iske ana gwada hukuncinsu da ita ba. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari a shekarar 2024 kaɗai, ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya je neman rance ya ji abin a jikinsa. Tunanin da ke bayan irin wannan mataki a zaurukan jami'a aka dafa shi. Ko maganin ya dace da ƙasar da tsadarta ta fi fitowa daga kuɗin mota, faɗuwar naira da manoman da 'yan bindiga suka kora daga gonakinsu, wannan ita ce gardamar da ya kamata tarukanmu su yi ta yi har murya ta dishe.

A gida ma an taɓa yi. A Maris ɗin 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka yi babban taro a Ibadan a kan sake gina ƙasa bayan yaƙi, malaman jami'a da manyan ma'aikatan gwamnati a zaure ɗaya. Cikin waɗanda suka tace kundin taron har da Allison Ayida, babban sakataren ma'aikatar raya tattalin arziki ta tarayya, ma'aikatar da ke da alhakin tsarin raya ƙasa na biyu, na 1970 zuwa 1974. Mai rubuta tsarin yana zaune yana sauraro. Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Najeriya kuwa tun 1957 aka kafa ta, kafin 'yancin kai, kuma har yau tana taronta na shekara.

Wani lokaci kuma mu ne abin binciken. Christopher Udry ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989 yana bin yadda manoma ke ba juna bashi. Ya iske kusan duk rancen tsakanin dangi da maƙwabta ne, ba takarda, kuma abin da za a biya yana sassautawa in mai cin bashin ya gamu da asara, yana ƙaruwa in mai bayarwar ne ya shiga matsi. Wato bashin yana aikin inshora. Kowace tsohuwa a ƙauyen ta san wannan, amma sai da aka auna shi aka buga ya shiga littattafan tattalin arziki. Haka Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar a shekarun da wayar salula ke shiga, 2001 zuwa 2006, ta nuna cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa yana iya jin farashin gero a wata kasuwa kafin ya ɗora buhu a mota. Aikin ya yi yawo a matsayin daftari tun 2008 kafin a buga shi a mujalla a 2010. Wannan tazarar ta shekara biyu ita ce lokacin sussuka.

Inda namu ke tuntuɓe

Zan faɗi abin da na gani da idona a wata jami'a da ba zan ambata ba. An sa ƙarfe tara za a buɗe taro. Babban baƙo bai iso ba sai goshin azahar. Aka yi taken ƙasa, aka yi addu'a, mai gabatarwa ya jero sunayen manyan baƙi da muƙamansu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya hau ya sake jero su kafin ya ce uffan. Aka ba da lambobin yabo, aka yi hoto. Babban baƙo ya fita, rabin zauren ya bi shi. Aka tafi salla da cin abinci. Da la'asar aka shiga ƙananan ɗakuna da tarin takardu, shugaban zama ya ce, "Ranku ya daɗe, lokaci ya ƙure, kowa minti biyar, tambayoyi a ƙarshe in an samu dama." Ba a samu ba. Aka ɗauke wuta a kan mutum na uku, ya ƙarasa daga wayarsa. Kowa ya karɓi takardar shaidar halarta, wadda ita ce za a liƙa a fayil ɗin ƙarin girma.

Ba zan ce duk haka ake yi ba, na halarci waɗanda aka yi aiki har dare. Amma inda aka yi hakan an juya abin ne: biki ya cinye yini, aikin ya samu ragowa. Akwai kuma matsalar kunya. Ta yaya ƙaramin malami zai tashi ya ce wa farfesan da zai zauna a kwamitin ƙarin girmansa lissafinsa bai yi ba? Wanzami ba ya son jarfa. Shi ya sa tambayoyi da yawa ke farawa da yabo su ƙare da yabo.

Masu kare tarukan suna da hujjarsu. Malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai, wanda ya yi wata takwas a yajin aikin 2022 ba albashi, wanda zai biya kuɗin mota da masauki daga aljihunsa kafin a mayar masa, in za a mayar, ba a yi masa adalci ba in aka auna shi da na Stanford. Gaskiya ne. Sai dai ba kuɗi ake buƙata ba kafin a rage jawabai a ba mai sharhi minti goma. Ga kuma 'yan kasuwar taro na intanet da suka gano wannan yunwa ta maki: saƙo zai shigo maka ana gayyatarka taro a Dubai ko Istanbul, a karɓi tsakurenka cikin kwana biyu ba tare da an karanta ba, muddin ka biya da dala.

Taron Afirka a Ingila

Ɗaya daga cikin manyan tarukan da ake yi a kan tattalin arzikin Afirka ba a Afirka ake yin sa ba. Cibiyar nazarin tattalin arzikin ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin sashen tattalin arziki na Jami'ar Oxford, wadda aka kafa a 1986, Paul Collier kuma ya jagorance ta shekaru da yawa a baya, ita ke shirya shi duk watan Maris. Tacewarsa da tsanani, kuma wanda aka karɓi takardarsa ya samu idon duniya. Amma mai bincike daga Sakkwato ko Maraɗi sai ya fara tsallake ofishin biza. Wani rahoton 'yan majalisar Birtaniya na 2019 ya nuna cewa ana hana 'yan Afirka bizar ziyara fiye da ninki biyu na yadda ake hana sauran masu nema. Sakamakon shi ne a tattauna kasuwar hatsin Dawanau a ɗakin da wataƙila babu wanda ya taɓa sayen tiya a cikinta.

An yi ƙoƙarin cike wannan giɓi. Akwai gamayyar binciken tattalin arzikin Afirka ta AERC da aka kafa a Nairobi a 1988, wadda ke tara masu bincike sau biyu a shekara, kuma ba a sakar wa mutum kuɗin mataki na gaba sai aikinsa ya tsallake suka. Akwai kuma taron da Bankin Raya Afirka ke shiryawa da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2006.

Bayan an naɗe ƙyalle

Abu biyu ke fita daga taro: sanarwar bayan taro da kundin takardu. Sanarwar ita ce jaridu ke ɗauka, ita ce kuma ta fi rauni. Sau da yawa mutum uku ne ke rubuta ta a wani ofishi tun ba a gama zaman ƙarshe ba, shi ya sa kowace shekara take cewa gwamnati ta faɗaɗa hanyoyin samun kuɗin shiga, ta rage dogaro da man fetur, ta bunƙasa noma. Wanda ya karanta wannan ya ce malamai ba su da sabon abu, ba laifinsa ba ne, amma ba a nan sabon abun yake ba.

Yana cikin kundin, in akwai shi. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sauya kwandon kayan da take auna tsada da shi, ta mayar da shekarar ma'auni daga 2009 zuwa 2024, sai hauhawar farashi ta sauko daga 34.8 zuwa 24.48 cikin wata guda, ba tare da an rage ko sisi a kasuwa ba. Nawa aka ba abinci a sabon kwandon, kuma ya yi daidai da yadda magidanci a Gusau ke kashe kuɗinsa? Irin wannan tambaya ce sashen jami'a zai iya ware mata yini guda, ya gayyato jami'an hukumar, ya sa ɗalibansa su maimaita lissafin layi bayan layi. Kundin taron nan da na ce babban baƙonsa ya makara ya fito bayan shekara guda da wani abu, mai kauri, da hoton babban baƙo a shafin farko. Na nemi kwafi a intanet ban samu ba. Daga baya na iske su a ofishin shugaban sashe, a ɗaure cikin ledarsu ta maɗaba'a, a saman durowa.